Sandar Noy Tikyo da Hannun Densyo

Har zuwa watan da ya wuce, idan gari ya fara wayewa a Kalubihan, jiragen masunta suna dawowa daga teku, za ka ga wani siririn tsoho ya fito daga lungun bayan coci, tsintsiya a kafaɗa, damin sanduna a hammata. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa hira. Yakan wuce kasuwar kifi ya shiga filin da ke bayanta, ya share shi tas, ya kifa ɓawon kwakwar da sababbin ɗalibai ke koyon taku a kai, ya jijjiga tsohuwar tayar da ke rataye a reshen mangwaro ya ji ko igiyar na nan da ƙarfinta. Sannan ya kwance damin, ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Wadda ta fara tsagewa ya ware ta gefe, don a cewarsa tsagaggiyar sanda ido take nema.

Sai ya gama wannan duka yake ƙarasowa rumfata. Ni ce Celing mai abin kari, kuma tun ina amarya rumfar nan take kallon filinsa. Nakan zuba masa sikwate, cakulan ɗinmu mai zafi, da curin shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa. Yana kurɓa yana kallon hanya, har yara da matasa su fara zuwa, wasu da kayan makaranta, wasu da ƙarnin kifi a jiki. Daga nan sai ƙarar sanduna ta cika unguwa.

Sunansa na yanka Eutiquio Sabandal, amma ban da Fada, limamin cocinmu, ba na jin akwai mai kiransa haka. Kowa Noy Tikyo yake ce masa, kamar a ce Yaya Tikyo. Ɗinkin taru ne abincinsa. Maɗori ne kuma, ya gaji man kwakwa da saiwoyi daga kakarsa. Eskrima, wasan sandarmu na gado, ita ce ya shafe sama da shekara arba'in yana koyarwa a wannan fili. A watan da ya wuce ya ce ya isa haka, zai zauna. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, duk da na fi sabawa da ludayi.

Noy Tikyo ɗan gida biyu ne a wannan fanni. Mahaifinsa mai salon nesa ne, irin masu doguwar sanda da ba sa bari a matso, su tsaya can su sari hannun abokin karawa su ja da baya. Kawunsa kuwa a birni ya koyi nasa, salon kusa, inda ake shiga jikin mutum har ana jin numfashinsa, sanda gajera, ɗaya hannun yana tarewa yana dannewa. Wannan hannu da ba ya riƙe da komai shi ake kira hannu mai rai. Tsofaffin biyu sun mutu ba su yarda da juna ba, kowa yana cewa na ɗan'uwansa wasan yara ne. Shi kuwa yaron da ke tsakaninsu ya sha duka a wurin kowanne, ya kwashe na kwashewa. Har yau idan matasa suka fara gardamar wane salo ya fi, yakan ce salon kirki shi ne wanda ya mai da kai gida da haƙoranka.

Ni ma na riƙe sanda a hannunsa. Bayan teku ta cinye mijina, na yi watanni ina aiki kamar wadda ba ta cikin jikinta. Wata safiya ya tsaya yana kallon yadda nake kaɗa sikwate, ya kira ni yadda ake kiran ƙanwa a nan, ya ce, “Day Celing, hannun da ya iya maburgi haka ai ya san rabin karatu. Zo ki ƙarasa sauran.” Na je don kunya. Na zauna don a can ne kawai nake mance kaina, tun da wanda sanda ke nufo goshinsa ba shi da lokacin tunani. A bayana matan kasuwa da yawa suka shiga, har mazajensu suka riƙa yi masa tsiya wai ya lalata musu zaman gida.

Mutanen garin nan suna son ba da labarin baƙon da ya tsallako daga tsibirin Bohol. Ƙato ne, ya sauka a jirgin safe yana tambayar ina mai sandar da ake faɗa, shi karawa ya zo yi irin ta da, ba kariya ba alƙali, sai wanda ya faɗi. Ya tarar da Noy Tikyo a gindin mangwaro da taru a cinya. Tsohon ya ji bayaninsa har ƙarshe, ya ce to madalla, amma masu tarun nan suna jira, ya taimaka ya riƙe masa wannan bakin ya gama tukuna. Baƙo ya riƙe. Rana ta take, aka kawo dafaffiyar masara da busasshen kifi, suka ci. Suna ci Noy Tikyo ya lura mutumin ba ya iya ɗaga hannu sosai, ya tambaye shi tun yaushe kafaɗar ta goce. Washegari baƙon ya koma garinsu da kwalbar mai da kafaɗa a ɗaure, ba a ɗaga sanda ko sau ɗaya ba.

Wannan shi ne labarin dariyar. Akwai wani kuma da ba a cika faɗa a gabansa ba, amma ba za a san ko wane ne shi ba sai da shi.

A cikin dukan waɗanda suka bi ta hannunsa, babu kamar Wenses. Maraya ne da ya tashi a filin nan, idonsa kamar na shaho, abin da aka nuna masa da safe kafin yamma ya zama nasa. Noy Tikyo da matarsa Nang Pilang, wato Inna Pilang, ba su sami haihuwa ba, kowa kuma ya san wa ya cike musu wannan gurbi. Wenses yana da saurin fushi, an sha faɗa wa tsohon, yakan ce ƙuruciya ce, za ta wuce.

Ba ta wuce ba. Ranar bikin waliyyin garinmu, da la'asar, a dandalin faɗan zakaru, zakaran Wenses ya juya ya gudu a gaban jama'a. Aka yi dariya. Cikin masu dariyar akwai Densyo, masassaƙin jirage, mutumin da ba ya shiga sabgar kowa, sai dai muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Wenses ya sha giyar kwakwa tun safe. Ya fizgo wata sandar baƙin ice mai nauyi, ya sauke wa Densyo a bayan hannun dama, daidai inda aka koya masa. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar ƙashin duk da hayaniyar.

Kafin rana ta faɗi 'yan'uwan Densyo sun fito da adduna suna neman Wenses gida gida. Da idona na ga Noy Tikyo ya fito da shi daga bayan rumbun kwakwa, ya riƙe masa wuyan hannu, suka bi tsakiyar titi zuwa ofishin 'yan sanda. Masu addunan suka tare hanya. Tsohon ba shi da ko tsinke a hannu. Ya ce musu wanda ya yi dukan ga shi, wanda ya koya masa dukan ma ga shi, duk su biyun hukuma za su, in kuma sai an sara to a fara da babba. Suka tsaya suna huci, sannan suka dare. Kotu ta ɗaure Wenses shekaru.

Washegarin dukan, fili ya wuni ba a share ba. Noy Tikyo ya ɗaure sandunansa ya cusa a rufin ɗaki, ya sallami ɗalibai. Mutane suka yi ta ba shi baki, cewa shi bai daki kowa ba, maƙeri ba ya ɗaukar laifin wuƙa. Ya ce maƙeri ba ya zama da wuƙa shekara da shekaru yana kallon halinta.

A asibitin birni an ceci hannun Densyo daga yankewa, amma yatsun sun ƙage, ba sa riƙe guduma balle gizago. Ga mata da goyo, ga jirgin wani da ya fara sassaƙawa yana kwance rabi a rumfa. Ya shige ɗaki ya daina fita. Noy Tikyo ya je gidan da kwalbar mansa, Nang Loleng, uwar Densyo, ta tare ƙofa ta ce in ya sake tako mata tsanin gida sai ta watsa masa ruwan wankin kifi. Ya koma washegari, ta cika alkawari. Ya share fuska ya tafi.

Da ya ga ƙofa ba za ta buɗu ba, sai ya zagaya rumfar aiki. Ya ɗauki kayan Densyo ya kama sassaƙar jirgin nan, shi da bai taɓa haɗa ko kujera ba. Kwana da kwanaki maƙwabta suna jin yana fama, yana cin katako ta inda bai kamata ba. Densyo yana kwance yana ji, kuma babu azabar da ta kai wa gwani jin ana ɓata aikinsa. Ran nan ya turo taga ya ce, “Noy, hannuna bai ishe ku ba, sai kun haɗa da katakona?”

Tsohon ya ɗago ya kira shi yadda ake kiran ƙane, ya ce, “To sauko ka nuna mini, Dong. Ni iya abin da na sani ke nan.”

Ya sauko don ya ƙwace gizagonsa, ya ƙare yana tsaye yana ba da umarni, yana zagi, tsohon yana bi. Haka suka gama jirgin, bakin wani da hannun wani. Wata rana suna hutawa Noy Tikyo ya jawo hannun ya ɗora a gwiwarsa ya fara murzawa da mai, Densyo bai janye ba. Watanni ana haka. Yatsun ba su dawo yadda suke ba, kuma tsohon bai taɓa yi masa ƙaryar za su dawo ba. Amma wuyan hannun ya saki, tafin ya sami ƙarfin dannewa, har ya iya tokare katako da dama yana koyon sassaƙa da hagu.

Sai Densyo ya ce a koya masa sanda. Noy Tikyo ya tambaye shi don me. Bai ɓoye ba, ya ce don ranar da Wenses zai fito, yana so ya mayar masa da abin da ya ba shi, a hannu ɗaya, a wuri ɗaya.

Tsohon ya ce ya zo gobe da asuba. Haka aka sake buɗe filin, da ɗalibi guda mai hannu ɗaya da rabi.

Gari ya ɗauka. Fada ya kira shi, Nang Pilang ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, ni ma da ya zauna a bencina na ce masa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, shi kuwa ga shi yana kiwon wani. Ya ce, “Day, in na hana shi sanda, adda tana gidansu, ita kuma ba a koyonta. Gara ya riƙa kawo mini fushin nan kowace safiya ina ganin girmansa.”

Ya sa masa sanda a hagu, ya mai da ƙagaggen hannun ya zama hannu mai rai, mai tarewa da turewa. Ya tsayar da shi a kan ɓawon kwakwa har tafin ƙafarsa ya yi kanta. Ya haɗa shi da taya ya yi ta duka har ya gaji da duka. Da sauran ɗalibai suka dawo, sai ya kafa dokar da ba ta nan a da: ba wanda za a nuna wa sara sai ya fara iya tarewa, kuma duk wanda ya kumbura wa abokinsa hannu shi zai zauna ya murza masa da mai har kumburin ya sauka. Densyo ya murza hannuwa da yawa a shekarun nan. Ya kuma zama abin tsoro a fili, don bahago ne, saransa yana zuwa ta inda ba a saba ba.

Wenses ya fito a rame, ya yi furfurar da ba ta shekarunsa ba. Bai je ko'ina ba sai filin, da safe, ana tsakiyar wasa. Sanduna suka tsaya. Ya wuce kowa ya je gaban Densyo, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan benci, ya ce ga shi nan, ya ji abin da ake jira.

Duk muka juya ga Noy Tikyo. Ya ja gefe ya bar musu fili. Abin da zai faɗa ya riga ya faɗe shi a shekarun da suka wuce.

Densyo ya dubi hannun ya ce, “Ni ba na dukan katako. Ɗauki sanda.”

Wenses ya ɗauka. Suka shiga. Ba a jima ba sandar Wenses ta yi tsalle ta faɗi can gindin mangwaro, hannunsa a buɗe, sandar Densyo a sama. Densyo ya ce ya je ya ɗauko. Ya ɗauko, ta sake faɗuwa. Haka aka yi ta yi, rana tana ɗagawa, masu kifi sun bar tebura sun zagaye fili, 'yan'uwan Densyo suna gaba suna cewa ya sauke masa mana. Kowane zagaye hannun nan yana fitowa fili kamar an ajiye masa a faranti, kowane zagaye sai ya ƙwace sandar kawai. Ya zane masa cinya da haƙarƙari, wannan kam ba zan ɓoye ba, Wenses ya yi mako yana ɗingishi. Amma hannun bai taɓa shi ba. Daga ƙarshe Wenses ya durƙusa yana haki yana kuka, ya kasa tashi. Densyo ya tsaya a kansa, shi ma ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, sannan ya juya ya miƙa wa Noy Tikyo sandarsa ya ce yana da jirgin da zai shafa wa fenti.

Tsohon ya jira har fili ya watse, sannan ya zauna a ƙasa kusa da Wenses ya buɗe kwalbar mai.

Ba zan ce sun zama aminai ba, don ba su zama ba. In sun haɗu a hanya ɗaga gira ne kawai. Wenses bai ƙara taɓa sanda ba, ya tafi aikin jirgin ruwa, sai lokacin biki yake leƙowa ya gaida tsohon ya koma. Noy Tikyo ya taɓa ce mini har gobe in ya ga yaro mai saurin hannu sai gabansa ya faɗi, kuma bai san ko ya yi wa Wenses adalci ba tun farko, da ya so shi har ya ƙi ganin halinsa. Abin da na sani shi ne ba a haƙa kabari ba a kan wannan magana, 'ya'yan gidajen biyu kuma aji ɗaya suke zama a makaranta.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, gwiwoyi sun ƙi, Nang Pilang ta riga mu gidan gaskiya. Ranar Lahadin da ya yi sallama, bayan an fito coci, tsofaffin ɗalibai suka cika fili, har da waɗanda suka zo daga birni da Manila. Aka gasa alade, aka yi wasa. Ba jawabin da ya yi. Ya kira Densyo, ya ce daga gobe shi zai riƙa buɗe fili, ya gargaɗe shi kada ya bar matan kasuwa su raina shi don sun fi maza mugun sara. Densyo, mutumin da muryarsa ke tsallake teku, ya matso. Sai ya kama hannun tsohon da ƙagaggun yatsunsa ya kai goshi, kamar yadda ɗa ke yi wa uba.

Noy Tikyo, kai ne ruwa mai kashe gobara, ko da daga murhunka ta tashi. Ba a taɓa rataya maka lamba a wuya ba, ba a buga hotonka a jarida ba, waɗanda suka koyi rabin abin da ka sani suna can ƙasashen waje ana kiransu manyan malamai. Kai ka tsaya a bayan kasuwar kifi. Kai ne ka tsaya tsakanin adda da wuyan yaronka, kai ne kuma ka kai shi ga hukunci da hannunka. An watsa maka ruwan kifi ka koma. An ce ba ruwanka, ka ce da ruwanka.

A madadin matan da ka fitar daga ɗakin makoki, da yaran da ka hana zaman banza, da gidaje biyun da ka hana su binne 'ya'yansu, na gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka daɗe kana gyara mana taku daga kan benci.

Ku kuma masu koyar da wani abu, ko sanda ce, ko tuƙi, ko karatu, ko wa'azi, ku dubi tsohon nan. Kowa yana son a nuna gwanin ɗalibinsa a ce na wane ne. Ranar da ɗalibin ya yi ɓarna da abin da kuka ba shi, kada ku rufe ƙofa ku ce ba ku san shi ba. Ku tashi ku je gidan da aka yi ɓarnar. In an kore ku, ku koma gobe.